Baƙon da Bai Yi Zanzaro Ba

Ba a shiga kulob ɗin da jallabiya. Wannan ita ce doka ta farko a allon da ke bakin ƙofa, kuma ita ce ta riƙe ran Haridi shekara da shekaru. Sauran dokokin suna biye da ita: ba rawani, ba silifa, ba wandon jins, riga sai mai kwala, kuma dole a yi mata zanzaro bel ya fito fili. Manyan Alƙahira da ke zuwa buga golf sun ɗauki dokokin nan abin ado, wasu ma sukan yi gunaguni a kansu in zafi ya tsananta. Haridi kuwa katanga ya ɗauke su, katangar da ta fi ta bulon da ta kewaye filin tsayi, domin mutanen da ke neman ransa ba sa saka wando.

Shi mutumin Sa'id ne, kudancin Masar, daga wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin rake a yankin Suhaj. Yana saurayi wansa ya harbe wani mutum mai suna Gad a kan rabon ruwan gona, da rana tsaka. Wan ya shiga kurkuku, ciwon ƙirji ya kashe shi a can. A wajen hukuma magana ta ƙare. A wajen gidan Gad kuwa ko farawa ba a yi ba, don mutuwar Allah da Annabi ba ta wanke jini. Ba su kafa rumfar makoki ba, ba su karɓi gaisuwar kowa ba. Duk wanda ya zo ya ce Allah ya ji ƙan Gad, sai a ce masa ya riƙe gaisuwarsa, lokacinta bai yi ba. Kowa ya san abin da ake jira, kuma kowa ya san namiji ɗaya ne ya rage a gidan mai kisa.

Ƙofar tsira guda ce, kuma Haridi ya san ta tun yana yaro. Mutum ya tuɓe takalmi, ya buɗe kansa, ya ɗora likkafaninsa a kan hannuwansa biyu, ya taka har gaban masu jini a bainar jama'a. In sun karɓa, a yanka rago a madadinsa, shi ke nan ya zama mataccen da aka bari yana yawo, ba mai sake taɓa shi. To amma tsakanin gidanka da gidansu akwai hanya, kuma an sha jin wanda bai kai ƙarshenta ba. Uwar Haridi ba ta yarda da hanyar nan ba. Ta tura shi cikin jirgin ƙasa, ta ce kada ya waiwayo ko da labarin mutuwarta ya ji. Ya ji, bai kuma waiwaya ba.

Da ban ruwan ciyawa ya fara a kulob, ya koma ɗaukar jakar 'yan wasa, har furfura ta cinye kansa aka ba shi 'yar rumfar da ke bakin wajen bugun farko. Aikinsa sallamar 'yan wasa rukuni-rukuni, da duba shigar kowa kafin ya taka ciyawa. Ba a taɓa samun wanda ya riƙe aikin nan da zuciya ɗaya kamarsa ba. Ma'aikata har tsiya suke masa, wai Ammi Haridi, Baffa Haridi ke nan da harshensu, ko Mala'ikan Mutuwa ne ya zo ba kwala sai ya mayar da shi ya sauya riga. Yakan taya su dariya, dariyar da ba ta wuce haƙora. Ɗakinsa yana bayan gidan famfo, cikin katanga. Juma'a a ɗan masallacin ma'aikata yake yi, aski wani mai wanke-wanke ke masa. Bai yi aure ba, kada ya haifi wanda za a nema bayansa.

Ya san mutanensu, abin da ya dogara da shi ke nan. Ɗan gidan Gad zai iya sayar da gona ya sayi bindiga, zai iya kwanciya cikin rake sauro na cinsa yana jiran mutum, amma ya tuɓe jallabiyar ubansa ya matse cinyoyinsa cikin wando kamar ɗan makaranta, wannan kam sai bayan ransa. Haridi ya sha ganin mai gadi ya tare attajiran kudu a ƙofa, masu motar da ta fi ta shugaban kulob, su yi ta zagi da rantse-rantse, a ƙarshe a mayar da su saboda rawani. Duk ranar da aka yi haka yakan ci abinci ya ji gishirinsa.

Abin da ya manta shi ne jarirai na girma, kuma zamani na sauya musu kaya.

Wata safiyar Juma'a a lokacin sanyi, raɓa ba ta gama bushewa ba, Injiniya Wagdi ya iso da baƙo. Injiniya ɗan kwangilar gine-gine ne, mai tumbi da fara'a, ba ya rabuwa da kawo baƙi. Na yau saurayi ne dogo, baƙi, da shuɗiyar riga sabuwa fil wadda ko karin ninkin kanti bai baje ba, da wando ruwan ƙasa, da farin takalmi, da hular hana-salla. Haridi ya ɗaga kai daga nesa ya nemi kwala, ya ga kwala, ya koma kan shayinsa.

Tsakanin wajen ajiye motoci da rumfarsa akwai 'yar kwatar da ke kai ruwa filin, an ɗora mata gadar katako. Injiniya ya bi ta gada. Baƙon bai ko dube ta ba, ya nufo kwatar kai tsaye. Da ya zo tsallakawa sai ya kai hannun dama wajen gwiwa, ya damƙi iska, ya ɗaga ta, sannan ya ɗaga ƙafa. Ya tattare bakin jallabiyar da ba ta jikinsa.

Haridi ya tsaya da kofin shayi a bakinsa.

Ya ce a ransa kudu da faɗi, mai jallabiya ba ɗaya ba ne. Baƙon ya ɗaga hula ya share gumi, ga goshinsa kashi biyu, ƙasa baƙi ƙirin, sama inda rawani ke zama ya yi haske. Aka miƙo masa jakar aro, ya zaro sanda ɗaya ya kama ta a tsakiya, ya jinjina nauyinta yadda ake jinjina gora kafin a shiga fage. Har yanzu Haridi yana ce wa kansa kudu da faɗi. Sai da suka matso ya ga fuskar sosai, dogon hancin nan, da kunnen hagu mai ɗan lanƙwasa daga sama, da yadda kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Gad ne ke tahowa a kan ciyawa, Gad da aka binne tun Haridi bai fara aske gemu ba. Sai ya tuna ranar kisan, matar Gad ta fito da gudu da yaro a kafaɗa.

Injiniya ya jingina da rumfar yana haki. "Ammi Haridi, ina kwana? Ga ɗan ƙasarku na kawo maka. Hammam, shi ke kawo mini tsakuwa. Ya dame ni sai ya ga wasan da nake gudun aiki saboda shi. Ashe ka yi suna, dattijo, tun a mota yake tambayarka."

Baƙon bai miƙa hannu ba. Ya ce, "Sannu, Ammi," ya tsaya yana kallonsa. A lokacin ne Haridi ya ga abin da idonsa bai taɓa tsallakewa ba sai yau. Rigar ba zanzaro. Bakinta ya sauko ya rufe bel, kuma ta ɓangaren dama ya ɗan tasa.

Bai san yadda aka yi ya gaya musu akwai rukuni a gabansu ba, su ɗan jira. Ya dai ji muryarsa tana faɗa. Injiniya ya ce dama zai sauya takalmi ya amsa waya, ya wuce ciki. Hammam ya tafi ƙarƙashin wata bishiyar turare da ke can gefen barandar kulob, ya jingina jakar, ya tsaya inda zai riƙa ganin rumfar.

Haridi ya ajiye kofi. Gudu ya fara zo masa. Akwai ƙaramar ƙofa ta bayan gidan famfo da ke fita titi, amma daga titin sai ina? Mutumin da ko kuɗin motar haya na yanzu bai sani ba, ga gwiwoyi sun tsufa. Ya yi tunanin ya sanar da manaja a kira 'yan sanda. Za su zo, su tafi da yaron, gidan Gad kuwa 'yan'uwa ne kamar fara, kuma yanzu sun gane wando ɗaya da riga mai kwala sun isa a tsallake katangar. Ga shi a kudu wanda ya kira hukuma a kan mai jini ya toshe wa kansa ko ƙofar likkafanin. Famfunan feshi suna ta tsat-tsat-tsat a kan ciyawa. Can wajen gwaji wani ya narka wa ƙwallo sanda, ƙarar ta zo kamar harbi, Haridi ya ji fitsari ya kusa kuɓuce masa.

Yana cikin haka sai ga Ustaz Nagi, manajan filin, da sauri kamar an koro shi. A baranda Mustashar Adli yana zaune da abokansa suna shan gahawa kafin lokacinsu ya yi. Tsohon alƙali ne, shi ne kuma shugaban kwamitin kulob, mutumin da ke hango ɓallallen maɓalli daga nesa. Shi ya kira Nagi ya nuna masa baƙon da haɓa, riga ba zanzaro.

Nagi ya tambayi Haridi ko yau makancewa ya yi. Haridi ya ce cikinsa ke murɗawa, a tura wani. Ya ce baƙon na Injiniya ne, a bari Injiniya ya fito ya gaya masa da kansa, ya fi mutunci. Ya ce ai yaron bai taka wajen bugu ba tukuna, doka ba ta hau shi ba. Nagi ya dube shi kamar ya ga kare na cin ciyawa.

"Kai da ka mayar da jakada guda saboda launin safa? Je ka gaya masa, Ammi, don girman Allah. Mustashar na kallona, kuma ni ina da 'ya'ya."

Babu nisa tsakanin rumfar da bishiyar, amma Haridi ya ji kamar ana ja masa ita baya. Ƙafafunsa suna tafiya ne don sun saba, shi kuwa yana can wani wuri yana kallonsu. Ya yi ta neman Kalmar Shahada, yana kamo farkonta ƙarshen na zamewa. Da ya isa ya tsaya inda ya saba tsayawa gaban manya, ya ɗan rusuna, bakinsa ya faɗi abin da ya faɗa sau ba adadi: a yi haƙuri ya Basha, ranka ya daɗe, dokar wurin ce, a yi wa riga zanzaro.

Hammam ya ce, "In na yi zanzaro, Ammi, ka san abin da zai fito."

"Na sani."

"Ka gane ni ke nan."

"Tun daga kwata."

Yaron ya dubi kwatar, bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa na kan ciyawa. Ya ce uwarsa Nabawiyya ba ta taɓa tuɓe baƙin kaya ba tun da ya buɗe ido ya gan ta. Rigar da aka kashe ubansa a ciki tana cikin akwatinta, duk Salla sai ta fito da ita ta shimfiɗa masa a gabansa kafin ya ci nama. Ya nemi aure, uban yarinyar ya ce ba ya ba da 'yarsa gidan da ba a yi makoki ba. A zaman maza shi ake miƙa wa shayi a ƙarshe, bayan yara. Ya ce shi ba ruwansa da Haridi, bai san shi ba, ya ma ji an ce mutumin kirki ne, amma abin ya ishe shi.

"Mu je bayan itatuwan can," in ji shi. "Kada mu ɓata wa mutane ciyawa."

Haridi ya dubi yaron. Gumi ya jiƙe sabuwar rigar a hammata duk da sanyin safiya, kuma yana ta sauya ƙafa, takalmin ya matse shi. Yaron nan ko kaza bai taɓa yankawa da daɗin rai ba. Wannan bai kwantar wa Haridi da hankali ba, ƙara tsorata shi ya yi. Jarumi kan tsaya ya saurare ka. Matsoraci da bindiga sauri yake ya gama kafin zuciyarsa ta karye.

Ya ce to. Ya wuce gaba, yaron na biye da shi, yana jin takunsa a bayansa, yana jin wani wuri guda tsakanin kafaɗunsa ya yi sanyi kamar an ɗora ƙanƙara. Hanyar zuwa itatuwan ta gaban baranda ta bi. Ga tebura jere da fararen ƙyallaye an goge su sumul, ga matan manya da tabarau, ga masu hidima suna kai da kawo. Farin ne ya buge masa ido. Bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Ya ga dai ya tsaya, ya duƙa, yana kwance igiyar takalmi.

Hammam ya ce masa a hankali me yake yi, ya tashi su tafi. Igiyar ta ƙulle, Haridi ya fizge takalmin haka nan. Ya cire ɗayan, ya cire safa, ya cire hular aiki ya ajiye a kai. Tun da aka gina barandar nan ƙafa ba takalmi ba ta taɓa taka ta ba. Ya hau, sanyin dutsen ya ratsa shi har ƙeya. Teburin da ya fi kusa mutanensa sun tashi ba a kwashe ba. Ya ba yaron baya, ya shiga sauke kofuna ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a kan kujera, da faranti, da gwangwanin sukari, don hannun da ya yi shekaru yana tsoron fasa kayan kulob ba ya koyon fizga rana ɗaya. Duk kofin da ya ɗauka yana jiran ƙarar harbi. Ba ta zo ba. Ya janye ƙyallen, ya ninka shi, ya sake ninkawa, ya ɗora a kan hannuwansa biyu, ya juyo.

Wata mata ta yi dariya ta ce wa ta kusa da ita tsohon ya taɓu. Nagi ya taho yana magana ta tsakanin haƙora, yana rantsuwa yau sai Haridi ya kwashe kayansa. Injiniya ya fito da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, baki buɗe.

Haridi ya sauko har gaban yaron. Muryarsa ta fito a shaƙe, amma ta kai baranda.

"Hammam ɗan Gad, jinin ubanka yana wuyan gidanmu. Ga ni, ga likkafanina."

A duk barandar mutum ɗaya ne ya gane abin da ake yi. Mustashar Adli ya yi alƙalanci a kudu yana matashi, ya ga irin wannan da idonsa. Ya ajiye kofinsa, ya dafa tebur ya miƙe, ya cire hularsa. Ya ce wa Nagi ya rufe baki ya tsaya inda yake. Sannan ya faɗa da muryar kotu cewa shi shaida ne, kuma duk wanda ke zaune a nan shaida ne. Abokansa suka dubi juna, suka miƙe su ma ba tare da sun san dalili ba. Cokula suka daina ƙara.

Hannun Hammam ya riga ya shige ƙarƙashin riga. Haridi yana ganin jijiyar wuyansa tana harbawa. Ya san abin da ke faɗa a cikin kan yaron, don ƙasa ɗaya ta haife su. In ya koma bai harba ba, ga uwarsa da akwatinta. In ya harbi mai ɗauke da likkafani a gaban shaidu, abin kunyar da zai ja wa gidansu ya fi na rashin fansa, har jikoki sai an goranta musu. Hannuwan Haridi suka fara gajiya, ƙyallen ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Ya ji tsoron kada ya zame ya faɗi ƙasa, don bai san hukuncin likkafanin da ya faɗi ba.

Yaron ya dubi ƙyallen ya daɗe. A kusurwarsa an saƙa tambarin kulob da koren zare, sanduna biyu a giciye.

"Wannan ƙyallen tebur ne," in ji shi, murya a dushe.

"Shi na samu, ɗana."

"Har da tabon gahawa."

"Ƙasa ba za ta ƙi shi ba."

Wani abu ya motsa a fuskar Hammam, ba dariya ba, ba kuka ba. Hannun ya fito daga ƙarƙashin riga ba komai a ciki. Ya miƙa biyun ya ɗauke ƙyallen, ya rungume shi a ƙirji kamar wanda aka miƙa wa jariri bai san yadda ake riƙewa ba. Haridi ya ga kansa zaune a kan ciyawa.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Hammam ya ce shi kaɗai ba shi da ikon yafe jini, sai a gaban uwarsa da baffanninsa, a ƙauye, yadda aka saba. Haridi ya tambaye shi ko za a bar shi ya isa. Yaron ya ce daga nan har ƙofar gidansu yana cikin amanarsa, wanda zai taɓa shi sai ya fara da shi. Daga ƙofar kuma sai abin da Allah ya yi.

Mustashar ya sauko daga baranda da sandarsa. Ya ce yana da sauran mutanen da ke jin maganarsa a Suhaj, zai yi waya a tara dattawa da malamai. Sannan ya miƙa wa yaron hannu.

"Ɗana, ba ni abin da ke hana ka zanzaro."

Hammam ya juya wa matan baya, ya zaro ta. Tsohuwar bindiga ce ƙarama, an naɗe mariƙinta da baƙin tef. Mustashar ya karɓa da yatsa biyu, ya zura ta cikin jakarsa tsakanin sanduna, ya ja zif. Ya ce yanzu a yi zanzaro. Yaron ya yi, a karkace, rabi ciki rabi waje, ba wanda ya ce masa komai.

A ƙasan akwatin Haridi jallabiyar da ya zo da ita tana nan, asu ya ci bakin hannunta, kuma ta matse shi a ciki. Ita ya saka. Ya ratsa filin da ita da rana tsaka, 'yan wasa suna tsayawa suna kallo. Mai gadi da ya saba tare jallabiya daga waje ya rasa abin da zai yi da wadda ta fito daga ciki, sai ya buɗe ƙofar ya sara masa. A jirgin ƙasa suna zaune kusa da juna, Hammam ya cire farin takalmin ya tura ƙarƙashin kujera, duga-dugansa duk sun sale. Ya saya musu gurasa da cuku.

Sai da aka ɗauki kwanaki ana kai da kawo, Haridi yana ɓoye a gidan limamin wani ƙauye na kusa, kafin gidan Gad su sa rana. An sayo masa likkafani na gaske, amma Nabawiyya ta aiko ta ce wanda ɗanta ya karɓa shi take son gani. Ranar da aka sa, motar liman ta sauke shi a bakin ƙauye, ya tuɓe takalmi, aka ɗora masa ƙyallen tebur a hannu.

Ya ɗaga kai ya ga hanyar. Hagu da dama maza ne tsaye har ƙarshen gani, kowa da jallabiyarsa, masu faɗi, masu zurfin aljihu, masu hannun da zai ɓoye ɗan akuya. Idon da ya yi shekaru yana neman bel ya nema bai ga ko ɗaya ba. A nan ba mai cewa a yi zanzaro. Kowane ɗayansu zai iya zama wanda bai yarda da sulhun ba. Wani saurayi mai irin kunnen Gad yana tsaye da hannu cikin aljihu, bai fitar ba har Haridi ya zo daidai da shi. Ƙasar ta yi zafi, tafin ƙafarsa ya saba da safa, kowace tsakuwa sai ta shige shi. Hammam yana gabansa da rawani, yanzu ya koma kamanninsa, yana tafiya a hankali don kada tazara ta buɗe tsakaninsu. Haridi ya kafa idonsa a bayan wuyan yaron bai ƙara duban gefe ba.

A ƙofar gida baffannin suna zaune, babbansu da wuƙa a cinya, ga rago a ɗaure. Nabawiyya tana tsaye a bakin ƙofa, ƙarama, a rame, baƙin kayanta ya koɗe ya koma toka-toka. Haridi ya maimaita abin da ya faɗa a baranda. Baffan ya dubi matar. Ta matso, ta kama bakin ƙyallen ta murza tsakanin yatsu, ta dubi tambarin, ta dubi tabon gahawa, sannan ta dubi fuskar Haridi, ta daɗe, kamar tana neman wansa a ciki. Ba ta same shi ba, tsoho kawai ta gani. Ta saki ƙyallen ta koma da baya.

Baffan ya miƙe da wuƙar. Haridi ya rufe ido. Ya ji ƙarar yagewar ƙyallen, bayanta kuma kukan rago ya yanke.

Kafin la'asar an kafa rumfar makokin mutumin da ƙashinsa ya daɗe da zama ƙasa. Aka ce wanda ya kawo likkafani shi zai fara gaisuwa. Haridi ya je bakin ƙofar mata, har yanzu ba takalmi. Ya ce Allah ya ji ƙan Gad, Allah ya ba da haƙuri. Ya tsaya yana jira, har ya ɗauka Nabawiyya ba ta ji ba.

Can tsohuwar ta ce amin.